Asabar Ɗin Da Barewa Take Jin Hausa

Ranar Asabar da safe gidana a Perry Barr da ke Birmingham yakan cika da jikoki, amma da za ka tsaya a bakin ƙofa ka kasa kunne, sai ka rantse ba kowa a ciki. Kowanne ya sami lungunsa, ya toshe kunnuwa, ya ƙura wa ɗan gilashin da ke hannunsa ido. Wannan yana dariya shi kaɗai, waccan tana ɓata rai ita kaɗai, ba wanda ya san abin da ya ba ɗan'uwansa dariya. In ƙosai ya yi, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina taɓa kafaɗa kamar mai zagayawa da kwanon baiko a coci. Ba na yi musu faɗa, don iyayensu ma haka suke, su wa zan fara da su? Sai dai in na koma kicin na tsaya gaban kasko, raina yakan tafi Manchester, wani ɗan flat a Rusholme inda na yi ƙuruciyata ta ƙasar nan. A can ma katun ake kallo ranar Asabar, ba murya kuma ake kallonsa, amma ban taɓa zama a gidan da ya kai shi hira ba.

Ina budurwa na zo, ban iya komai ba sai taurin kai da tsoron sanyi. Yayana Bitrus ne ya ɗauko ni daga gida. Shi yana tuƙin bas, matarsa Lami tana aikin goge-goge a asibiti, 'yarsu Saratu kuwa lokacin tana famfara, in ta yi dariya sai ka hango harshenta ta giɓi. Flat ɗin a saman wani shago yake, hawa na biyu. Duk bas ɗin da ta wuce a Wilmslow Road sai tagarmu ta amsa, ƙanshin gidajen abincin da ke layin kuma ya kama labule da rigunanmu na coci, har muka daina jinsa. A ƙarƙashinmu akwai wata Baturiya ma'aikaciyar jinya mai aikin dare. Da safe take kwanciya, in ta ji motsi ya yi yawa sai ta ɗauki sandar mofa, ta goge daɓe, ta bugi silin ɗinta, mu kuma mu ji a tafin ƙafa. Ba muguwa ba ce, gajiya ce. Saboda ita nake markaɗa wake tun ranar Juma'a da yamma, saboda ita muke tafiya da safa kamar ɓarayi, saboda ita kuma Yaya ya fara kashe muryar talabijin ranar Asabar.

Katun ɗin da ake yi da safen nan ba irin na kuliyoyi da ɓeraye ba ne. 'Yan wasa ne na gaske, waɗanda duniya ta san su, ana ganin fuskokinsu a jikin kwalin abincin yara, aka zana su aka ba su ƙarfin da ba na mutane ba. Su uku ne. Akwai mai tsaron gida na ƙwallon ƙafa, dogo, wanda in ya miƙa hannu zai cafke mota tana faɗowa daga gada. Akwai ɗan dambe, naushinsa ɗaya ya raba dutse biyu. Sai wata 'yar tsere da take gudu a kan ruwa ƙafarta ba ta jiƙe ba. Kullum akwai wani mugu mai dogon hanci da yake son ya kwashe filin wasan yara ko ya ƙafar da kogin gari, su kuma su bar filin wasansu su je su hana shi. Zanen ma ba wani kyau ne da shi ba. Bakinsu kawai ke motsi, bango ɗaya kuma sai ya wuce sau da yawa ana gudu. Na yanzu da jikokina suke kallo har gashin ido ana gani, amma ni ban taɓa ganin wani a cikinsu ya tashi tsaye don murna ba.

To, Yaya tun muna gida an san shi da baki. In majigi ya zo garinmu, shi yake tsayawa a gefen farin ƙyallen yana faɗa wa tsofaffi abin da ake cewa, rabi abin da ya ji, rabi abin da ya ga dama. Da ya kashe muryar talabijin ɗin nan, sai tsohuwar sana'a ta motsa. Ya raɗa musu suna: Dogo, Bahago da Barewa. Dogo magana yake yi a hankali kamar tsohon katikis ɗinmu, duk tashin hankalin da ake ciki sai ya ce, "A yi addu'a tukuna." Bahago kullum yunwa yake ji. Barewa kuwa bakinta irin na matan da ke sayar da doya a bakin titi ne, ba ta barin ta kwana. Duk lokacin da za ta zuba da gudu, sai Yaya ya maƙe murya ya ce, "Ku riƙe mini ɗankwali, yanzu zan dawo." Sai ya kumbura kumatu ya amsa da muryar Bahago, "Ki dawo da tuwo." Kowace Asabar sai an faɗi wannan, kowace Asabar kuma sai mun yi dariya muna toshe baki da hannu saboda mai sandar mofa.

Ƙasa-ƙasa yake maganar, don haka dole ka matso. Saratu a kan cinyarsa, yaran 'yan cocinmu da iyayensu suka ajiye mana saboda suna wurin aiki sun kewaye ƙafafunsa, ni ina bakin ƙofar kicin da matsami a hannu, ƙosai na ƙonewa. Lami in ta dawo ta ga baƙin ƙosai sai ta ce, "Auta, ke ma yarinya ce?" Ni ma yarinyar ce mana. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ƙarshen shirin. In an gama katun, sai 'yan wasan na gaske su fito da kayan motsa jiki, su zauna su kalli yara su yi musu nasiha. Nan Yaya yake cin kasuwarsa. Matar nan tana murmushi tana motsa baki, shi kuma yana cewa, "Barewa ta ce wanda bai wanke kofinsa ba, ƙafarsa ba za ta yi sauri ba. Barewa ta ce a gaishe da manya da hannu biyu." Kafin ka ce me, yara sun yi layi a bakin famfo. Hausar da Saratu ta iya duk a wurin nan ta koye ta, don mu manya a gajiye muke dawowa, abin da ya zo baki shi muke yi mata, rabi Turanci rabi Hausa.

Abin da ba wanda ya yi tunaninsa a cikinmu shi ne, yarinyar ta ɗauka da gaske ne. Ta san muryar babanta ce, amma a ranta babanta yana maimaita abin da suke faɗa ne kawai saboda ba a son ƙara. Ran nan a makaranta aka ce kowa ya tashi ya faɗi wanda ya fi burge shi. Saratu ta miƙe ta ce 'yar tseren nan da kowa ya sani, ai Hausa take ji kamar su, tana ɗaura ɗankwali, kuma abokinta ɗan dambe tuwo yake ci. Aji ya kwashe da dariya. Malamar ta yi ƙoƙarin gyarawa cikin lallashi, amma yara ba su san lallashi ba, suka bi ta da kalmar tuwo har bakin get. Ba ta gaya wa kowa ba a gida. Da Asabar ta zo, aka zauna kamar kullum, Barewa ta sunkuya za ta zuba da gudu, Yaya ya buɗe baki, sai Saratu ta miƙa hannu ta ɗauki rimot ta ƙure murya. Wata murya ta Amurkawa ta cika ɗakin, ba ɗankwali, ba tuwo. Ta saurara na ɗan lokaci, sannan ta sauka daga cinyarsa ta ce masa da Turanci, "Daddy, ƙarya kake yi mini." Daga ƙasa sandar mofa ta fara bugu.

Ni dai raina ya ɓaci, na ajiye matsami zan kama kunnenta. Yaya ya ce, "Ƙyale ta, Auta. An yi mata dariya ne, ba ki gani ba?" Shi ya gane tun kafin a gaya masa. Ya tashi ya rage muryar kaɗan, ya shiga kicin ya tsaya yana cin ƙonannen ƙosai a tsaye. Daga ranar in an yi wa Saratu Hausa da Turanci take amsawa, daga baya ma ta fara cewa ba ta gane ba, har abin ya zama gaskiya. Yaya bai taɓa matsa mata ba. Shi ma ya koma yi mata Turancinsa na direban bas, suka ci gaba da zama lafiya, suna son juna. Amma ni na san an rufe wata ƙofa a gidan nan, kuma ya ji ciwo, don bai sake maƙe murya ba ko a bikin Kirsimeti.

Shekaru suka tafi. Na yi aure na dawo Birmingham, na shiga aikin kula da tsofaffi. Lami ta riga mu tafiya gida, Ubangiji ya ba ta hutu. Saratu ta gama jami'a ta sami aikin ofis, ba ta yi nisa da babanta ba. Sai aka shiga shekarun nan na tsuke bakin aljihu, lokacin da komai na jama'a ya fara rufewa ɗaya bayan ɗaya: laburaren unguwa, ɗakin da matasa ke taruwa, wurin da tsofaffi ke yini su sha shayi. A cikin wannan yanayi ne ɓarin jikin Yaya na dama ya shanye. Ya rayu, amma da ya farfaɗo Turancin nan da ya yi rabin ransa yana yi da fasinjoji ya tafi gaba ɗaya, kamar an share allo. Likita ya ce hakan na faruwa, harshen da mutum ya fara sha a nono shi ke saura. Hausar ma a gutsure take fitowa, a karkace, sai wanda ya san ta sosai zai tsinta. Mai koyar da magana kuwa aka ce sai an jira layi, layin da ba wanda ya san ƙarshensa.

Asibiti suna son gadonsu. Matar da council, wato ƙaramar hukuma, ta turo ta ce abu biyu ne: ko ya koma gida 'yarsa ta zauna da shi, masu kula su riƙa leƙowa na ɗan lokaci, ko a nema masa care home, gidan kula da tsofaffi. Saratu ta kira ni a waya tana kuka, da Turancinta na Manchester da nake sai na karkata kai kafin in kama. Ta ce, "Gwaggo, ba aikin nake gudu ba. Zan wanke shi, zan ɗaga shi. Amma yana kallona yana magana, ban san me yake so ba. Ko ruwa yake nema ban sani ba. Jiya ya yi ta faɗar abu ɗaya har ya yi hawaye, ni ina tsaye kamar baƙuwa." Na ce ta bari in zo. Ni na san care home ciki da waje, a nan nake cin abinci. Ba mugaye ne a ciki ba, amma an rage ma'aikata, wanda ya rage gudu yake yi daga ɗaki zuwa ɗaki. Ba mai jin Hausa ko ɗaya. Mutumin da ya tashi yana ba gari guda dariya zai zauna gaban taga har ya mutu ba wanda ya amsa masa. Ni kuma ba zan iya ɗaukarsa ba, gidana bene ne ba lif, maigidana ma lokacin yana kwance.

Aka ba shi izinin kwana biyu a gida don a gwada. Na shiga doguwar bas ta farko ranar Asabar, na isa Rusholme hantsi bai yi ba. Ya ƙaura zuwa wani flat na ƙasa tun bayan rasuwar Lami, amma tagar nan ma tana amsa wa bas. Na same shi a kujera, hannun dama a kan filo, fuska a murtuke. Saratu tana kicin da waya a hannu, idanunta sun kumbura, na kuma gane ta kusa yanke shawara. Ba zan ce na zo da wata dabara ba. Zanin gado na shiga nema a kwaba, na ci karo da kwalin kaset-kaset da ya naɗi katun ɗin nan a kansu, don Yaya ba ya yar da komai, har tsohuwar na'urar bidiyonsa tana nan a ƙarƙashin talabijin an lulluɓe ta da ƙyalle. Na ɗauki ɗaya na saka, don dai a sami abin da zai motsa a ɗakin. Hoton ya yi rawa, ya yi layi-layi, sai ga su nan su uku, launinsu ya koɗe. Muryar Amurkawan ta tashi. Yaya ya yi gurnani, ya nuna rimot da hannun hagu. Na kashe muryar.

Shiru ya yi yawa, sai na ce bari in gwada. Ni fa ba ni da bakin Yaya, waƙar coci ma a baya ake sa ni. Mugun mai dogon hanci ya sace wata motar 'yan makaranta, Barewa ta sunkuya za ta bi shi, na ce, "To, ni zan tafi in kamo shi." Yaya ya bugi hannun kujera, ya harare ni kamar na zubar masa da miya. Na ce, "To Yaya, ai ka san ban iya ba." Sai na ji an ce daga bayana, "Gwaggo, ba haka ba ne." Da Hausa. Na waiwaya, Saratu ce a bakin ƙofar kicin, daidai irin wurin da nake tsayawa da matsami. Idonta na kan talabijin, ba ta kalli kowa ba. Ta ce, da harshenta da ya yi nauyi, kalmomin suna tuntuɓe da juna, "Ku riƙe mini ɗankwali, yanzu zan dawo."

Bas ta wuce, taga ta amsa. Na ga bakin Yaya yana kokawa, ɓari ɗaya ya tashi, ɗayan ya ƙi. Ya kumbura kumatun da ya yarda ya kumbura, ya ce, "Ki... dawo... da tuwo." Muryar ba ta fita sosai ba, dole a matso. Saratu ta ajiye waya a kan firij, ta zo ta zauna a ƙasa ta jingina da gwiwarsa, mace mai aikin ofis da takalmi mai tsini. Haka aka ci gaba. Ita Barewa, shi Bahago, ni aka bar mini Dogo tunda magana ɗaya ce da shi, ita ma sai da Saratu ta zungure ni kafin in ce a yi addu'a tukuna. Wasu wuraren ta manta, shi ya jefo kalma ɗaya ta ƙarasa. Wasu wuraren shi ya maƙale, ta jira shi, ba ta yi gaggawa ba. Ashe duk shekarun nan abin yana nan a cikinta, ba ta yar ba, rufewa kawai ta yi.

Da katun ya ƙare, 'yan wasan na gaske suka fito da kayan motsa jikinsu, matasa shar da su, alhali a lokacin duk sun tsufa sun bar fili. Matar ta kalli kyamara tana murmushi tana motsa baki. Yaya bai kalli talabijin ba, 'yarsa ya kalla. Ya ce, "Barewa... ta ce..." Ya tsaya ya daɗe, jijiyar wuyansa ta tashi. "A ba... Baba... ruwa." Na buɗe baki zan fassara mata kamar yadda na saba, sai ta ɗora hannu a gwiwata ta ce, "Na ji, Gwaggo." Ta tashi ta kawo ruwa a kofi, ta tallafi ƙeyarsa, ta riƙe masa har ya shanye. Ni na shige kicin na buɗe famfo da ƙarfi, don ba na son a ji kukana. Ranar Litinin ta kira matar council ta ce babanta a gida zai zauna.

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya yi daɗi. Turancinsa bai dawo ba. Hausarta kuma ba ta taɓa miƙewa ba, Hausar katun ce da ta kicin, namiji ta ce masa ke, mace ta ce mata kai. Sun yi faɗa, ta gaji, masu kula wani lokaci su zo a makare, wani lokaci a canza su kowane mako. Takan kira ni ina tsakiyar aiki ta ce, "Gwaggo, mene ne ƙaiƙayi?" In gaya mata, ta kashe waya ko sallama babu. Amma ya sami mai amsa masa, abin da nake roƙo ke nan. Kowace safiya in za ta fita aiki sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce masa ya riƙe mata ɗankwali, shi kuma ya ce ta dawo da tuwo. Shekaru kaɗan ya ƙara a haka, a kan kujerarsa, a gidansa.

Jikokina na san suna da nasu abin da za su tuna, ban ce namu ya fi ba. Ni dai abin da nake gani shi ne, mu talauci da maƙwabciya mai sandar mofa sun tilasta mana matsowa kusa da juna, su kuwa ba abin da ya tilasta musu. Wani lokaci nakan ɗauki rimot in kashe muryar talabijin in zauna, ko wani zai ɗago kai ya tambaye ni dalili. Har yau dai ba wanda ya ɗago.

Ranar da za a rufe akwatin Yaya, coci ta cika da tsofaffin direbobin bas da yaran nan da suka taɓa kewaye ƙafafunsa, duk sun zama iyaye. Saratu ba mai ɗaura ɗankwali ba ce, amma ranar ta ɗaura, ni ce ma na ɗaura mata don ba ta iya ba. Da aka ce iyali su matso su yi kallon ƙarshe, ta tsaya a kansa ta ɗan jima. Sai ta kai hannu ta kwance ɗankwalin, ta ninke shi, ta sa masa a hannun hagu, wanda bai shanye ba. Ta sunkuya ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ina tsaye kusa, na ji abin da ta ce. Mutane suka yi ta kallon juna, amma ba wanda ya tambaye ni, ni kuma ban fassara wa kowa ba.